Gurbin da Sallau Ke Bari

Daren jiya mafarki ya same ni, ni kuwa ba mai ba da labarin mafarki ba ne. Na sha faɗa cewa rabin mafarkin mutanen yanzu daga cikin tuwon dare yake fitowa. Amma wannan zan faɗe shi, domin ya shafi wata takarda, takardar kuma ta shafi wani mutum.

Sunana Haladu. Shekara ashirin da shida ke nan ina rubutu a bayan manyan motoci, a wani gareji da ke bakin hanyar Gusau a Funtuwa. Ban taɓa zama a aji ba. A jikin allunan shaguna da gwangwanin madara na koyi boko, kuma ban ga abin da masu takardar shaida suka fi ni da shi ba sai surutu. Abokin aikina Sallau ne. Shi ke zane, ni ke rubutu. In an gama haɗa bodin mota, Sallau zai hau tsani ya zana zakinsa, ko ɗawisu, ko mikiya ta suri maciji, sannan ya bar wani gurbi fari a ƙasa ko a tsakiya. Ni kuma in zo in sa magana a gurbin. Ba ya tambayata abin da zan rubuta, ba na tambayarsa abin da zai zana. Ko sunansa ba ya iya karantawa. Liman yake kirana, don tsokana, saboda ina yi wa direbobi faɗa a kan salla da shan ƙwaya.

Watan jiya wata malama ta zo da kyamara tana ɗaukar hoton motocinmu. Da za ta tafi ta bar wani fom. Akwai wani gida a gari mai nisa, in ji ta, inda ake ɗaukar mai fasaha ya zauna wata uku. A ba ka ɗaki, a ba ka abinci da kayan aiki, ba mai tsaya maka a kai yana cewa direba na jira. Mutum ɗaya suke ɗauka daga kowace sana'a. Na cike fom ɗin a ɓoye, na haɗa da hotunan motoci goma. Tambaya ta bakwai cewa take: shin waɗannan ayyuka naka ne kai kaɗai? Na sa alama a kan "Eh". Na ce wa raina zane ado ne kawai, magana ita ce aiki. Gobe Juma'a ake rufe karɓa, har na kwanta jiya kuwa ban miƙa ba, ban kuma gaya wa Sallau ba.

Sai na ga kaina a wata tasha da rana tsaka. A ƙasar nan motoci ba sa tafiya, hanya ce ke tafiya. Motocin na tsaye a gefe, direbobi na zaune a inuwarsu suna shan shayi, kwalta kuwa na wucewa a hankali kamar ruwan kogi, ɗauke da mutane da buhunansu. Wani ɗan kamasho ya dube ni.

"Ina zuwa, Malam?"

"Gidan masu fasaha."

"Taka da ƙafar dama. In ka ga wurin ya iso, ka sauka. Kada ka bari ya wuce ka, sai baɗi yake dawowa."

Na taka. Garuruwa suka yi ta zuwa suna wucewa, wasu har da kasuwarsu tana ci.

Gidan ba shi da katanga. Ƙofa ce kawai tsaye a tsakiyar fili, da wani jaki mai gadi sanye da hular sanyi. Na duba hagu, na duba dama, fili fetal, kowa na iya zagayawa ya shige. Amma na bi layi, don ni mutum ne mai bin doka.

Layin yana da nasa tsari. Duk wanda ya yabi kansa sai ya matsa gaba taku ɗaya, wanda ya yi shiru sai ƙasa ta ja shi baya. Wata mai ginin tukwane a gabana ta ce tukunyarta ko a rana aka ajiye ta ruwan ƙanƙara take bayarwa, sai ga ta ta wuce mutum uku. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, yabon kai jahilci ne." Ban rufe baki ba na tsinci kaina a can ƙarshen layi, bayan wani maƙeri da ke barci a tsaye.

Na daɗe a nan. Daga baya na yi gyaran murya na ce, "Ni ne na rubuta 'Mai sauri, an riga ka.'"

Sai ga ni a gaban jakin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe kai ne. Na taɓa bin motar nan a baya tun daga Tsafe. Shige."

Balbelu uku ne ke riƙe da ofishin, cikin fararen kaya, kowace da biro a baki. A gefensu akwai babban sikeli irin na awon buhun hatsi. A can ƙurya, kan wata doguwar kujera, shugabar gidan ce zaune, wata tsohuwar hawainiya, ido ɗaya a kaina, ɗaya a ƙofa.

Babbar balbelar ta karɓi fom ɗina ta ce, "Hau sikeli."

Na hau. Allurar ta yi rawa ta tsaya.

"Rabi," in ji ta, sauran suka rubuta.

"Rabin me, ranki ya daɗe?"

"Rabin mutum. Ina ka baro sauran?"

"Ni cikakken mutum ne. Ina da mata da 'ya'ya biyar."

"Ba na gida muke aunawa ba, na wurin aiki. Amma ba laifi, sikelin kan yi gardama. Tambaya ta bakwai: ayyukan nan naka ne kai kaɗai?"

"Abin da na rubuta ke nan."

"A kira shaidu."

Motoci goma suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta cire tayoyinta a bakin ƙofa, ta yi sallama, ta sami wuri a kan tabarma ta zauna tana ba mu baya, don a ga aikin. Na san su duka. Ta farko ita ce mai zaki, wanda Sallau ya yi wa idanu irin na mutum da kunne ɗaya da ya fi ɗaya. Zakin ya sauko daga jikin katako, ya yi miƙa, ya zo ya shinshina rigata.

"Ka san wannan mutum?" in ji balbelar.

"Na san shi. Shi ne wanda ke zuwa bayan an gama mu, ya tsuguna a ƙarƙashin ƙafarmu yana gunaguni."

"Shi ya yi ka?"

"Wanda ya yi ni warin goro da kananzir yake, kuma yana aiki yana waƙa. Wannan ko dariyarsa ban taɓa ji ba."

Raina ya ɓaci. Dabba, dabbar ma ta fenti, tana ba da shaida a kan dattijo. Na ce, "Ranku ya daɗe, a bar ni in yi magana. Direban da ke bin mota a baya, zaki ne ke hana shi ganganci? Ɗawisu ne ke tuna masa kabari? Zane yara yake burgewa. Magana ita ke shiga zuciya, maganar kuwa tawa ce, ba wanda ya taya ni ko harafi ɗaya."

Zakin ya dube ni, ya juya ya fita. Ɗawisu ya sauko ya naɗe wutsiyarsa kamar tabarma, ya bi shi ko sallama babu. Mikiya ta saki macijin, suka fita tare suna hira. Furanni suka zube ƙasa suka gangara waje. Motoci goma suka rage da katako tsirara, da 'yan haruffana a maƙale a jiki.

Na zaci kora ce ta rage. Sai hawainiyar ta fara ɗaga hannu da hatimi. Ta ɗauki kamar tsawon huɗubar Juma'a kafin hannun ya kai sama.

"Mu a gidan nan ba ma ƙaryata kowa," in ji ta. "Abin da mutum ya ce shi ne, shi muke ba shi. An ɗauke ka."

Hatimin ya sauka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Shekarata hamsin da huɗu, ba wanda ya taɓa ba ni ko kujera saboda abin da na rubuta. Direbobi su karanta su wuce, masu boko su ce mini mai fenti. Yau ga shi an ba ni ɗaki.

Ɗakin yana da gado da sabon bargo, da kwanon tuwo wanda in ka ci sai ya ƙaru, da gwangwanayen fenti na kowane launi, da buroshi guda arba'in a jere. Bango uku irin na kowa ne. Na huɗun fari ne tas, ya fara daga bakin ƙofa ya miƙe dama, ya fice daga ɗakin, ya ratsa gonaki, ya haye tudu, ban ga ƙarshensa ba.

"Naka ne," in ji balbelar da ta rako ni. "Rubuta abin da kake so. Ba mai matsa maka."

Shekara ashirin da shida ina ƙorafin Sallau na matse ni. Ya cinye wuri da wutsiya da fukafukai, ya bar mini ɗan abin da bai fi zira'i biyu ba. Yau ga fili. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na tsoma buroshi a baƙin fenti, na rubuta: Ya kai ɗan Adam.

Na yi magana a kan gudu a hanya. Na yi a kan direban da ke haɗa azahar da isha'i wai shi matafiyi ne, alhali yana zaune a gareji tun safe. Na shiga masu tauye mudu, na fita ta kan samari masu wando a ƙasan ɗuwawu, na gangara kan masu gulma a wurin jana'iza. Duk gaskiya ce, ko yanzu ban janye ko ɗaya ba. Sai dai duk sanda na zo zan ɗiga aya in tsaya, sai in ga farin bango a gabana yana jira, sai kalmar "kuma" ta fito daga bakin buroshin da kanta. Ina rubutu ina tafiya. Ɗakin ya ɓace a bayana. Rana ta fito daga gabas ta koma gabas har ban san sau nawa ba. Gemuna ya sauko ya kai ƙirji.

A gindin wata tsamiya na tarar da wani tsoho zaune a jikin bangon, da kalangu a hammata, yana ta kiɗa ɗaya ba canji.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu. Sabon zuwa ne?"

"Sabon zuwa ne. Wane kiɗa ne wannan?"

"Share fage ne. Shekarata goma sha ɗaya a nan ina share fage, mawaƙin bai shigo ba."

"Ina mawaƙin yake?"

"Na ce musu ni kaɗai ne."

"To ka daina mana, ka huta."

"Ai shi ke ɗaga mini hannu in tsaya." Ya matsa gefe yana kiɗan. "Wuce, ɗana, kada in tare maka rubutu."

Na wuce da sauri, ban so kallon fuskarsa ba.

Can gaba hanyar nan mai tafiya ta biyo ta gefen bangon. A kanta na hango Ɗan'azumi, wani direban gingimari da muka yi wa aiki sau uku, zaune a kan buhun masara, ya kafa wa rubutuna ido.

"Malam Haladu! Wai me kake son ka ce ne?"

"Karanta mana, ai ka iya."

"Tun Talata nake karantawa, har yanzu ban kai inda ka nufa ba. Na yi barci sau biyu, na farka na tarar kana kan wando. Ina irin na da, wanda mutum zai ɗaga ido sau ɗaya ya kwana uku yana tunani? Mu kan hanya muke, Malam."

Hanya ta tafi da shi.

Na tsaya da buroshi a hannu, fenti na ɗiga a ƙafata, na tuna yadda aka yi maganar nan da jaki ma ya sani. Ranar na zo gareji da magana mai kalma arba'in, na kwana biyu ina tsara ta, a kan cewa duk gaggawar mutum akwai wanda ya riga shi zuwa, kuma akwai wanda ya riga shi shiga kabari, da sauransu. Na tarar Sallau ya miƙa ƙafar zakinsa ta cinye kusan duk wurin. Muka yi cacar baki, na ce ya goge ƙafar, ya ce zaki ba ya tsayuwa da ƙafa uku. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Na zauna ina yanke maganar, ina yankewa, ina tsine wa ƙafar zaki, har ta koma kalma biyar: Mai sauri, an riga ka. A gaban wannan motar malamar ta fi daɗewa da kyamararta.

Na sake tsoma buroshi, don hannun ya ƙi tsayawa. Sai na iso wata taga a jikin bangon. Na leƙa.

Garejinmu ne, da hantsi. Motoci sun yi layi suna fita, kowace da zanenta sabo fil, kowace da gurbi fari ba komai a ciki. Direbobin da ke biye da su suna leƙo kai, su kalli gurbin, su kalli juna. Sallau na kan tsani, bakinsa ja da goro, yana yi wa wani ɗawisu ido.

"A'a, Liman!" in ji shi. "Ka yi gemu kamar na bunsuru. Ba sa ba ku reza a can?"

"Sallau, wane irin aiki ne wannan? Motoci na fita ba rubutu."

"Ga wurinka nan na bar maka."

"Ba na nan, kana bar wa wa?"

"Hannun ne ya saba. In na iso nan sai ya ɗaga da kansa."

"Ka cike da fure mana."

"Na gwada. Fentin ba ya kamawa." Ya tofar da goro ya gyara tsayuwa. "Bar wannan. Yaya gidan? Sun ba mu ɗaki mai kyau?"

"Mu?"

"Mu mana. Ba ni malamar ta miƙa wa takardar ba? Na ce mata ni a nan makaho ne, bari Liman ya cike mana."

Wannan ba ƙaryar mafarki ba ce, haka aka yi. Sallau ta fara miƙa wa, ya goge hannu a wando ya karɓa, ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini. Na san da haka. Ko ɗazu da na fara ba ku labarin nan, tsallake wurin na yi. Mutum kan yi wa duniya wa'azi shekara ashirin, ya zo kan kansa ya nemi hanyar zagaye.

Na ce, "Ɗakin na mutum ɗaya ne."

"To ai sai mu yi irin na Kaduna, lokacin da muka je aikin motocin shanu. Kai a gado, ni a ƙasa, tunda ka fi ni ciwon baya. Sai dai ka yi haƙuri da munsharina."

Na buɗe baki in gaya masa. Abin da ya fito shi ne, "Ka sani, Sallau, ita abota amana ce, ita kuma amana kashi uku ce, kuma magabata sun ce..." Maganar ta yi ta zuba daga bakina tana taruwa a ƙasa kamar zaren da ya warware, ta kai mini gwiwa. Na shiga kashi na biyu na amana.

Sallau ya sauko daga tsani ya zo bakin tagar. Ya tsoma buroshi, ya zana wata ƙatuwar ƙafar zaki a iska, ta hagun bakina. Ya zana wutsiya ta dama. Ya auna tsakaninsu da tafin hannu.

"Liman, ga iya wurin da ke akwai. Faɗi abin da zai shiga."

Na dubi gurbin. Ba ya ɗaukar magabata, ba ya ɗaukar kashi uku. Na yanke, na sake yankewa.

"Na ce ni kaɗai ne."

Mai walda ya kashe wutarsa. Sallau ya ciro tsumma daga aljihu ya daɗe yana goge buroshinsa, gashi ɗaya-ɗaya.

"To," in ji shi. "Ya shiga daidai."

"Ba za ka zage ni ba?"

"In zage ka da me, duk zagin garin nan kai ka rubuta shi a mota." Ya mai da tsumman aljihu. "Da ka tambaye ni, Liman, da na ce ka je. Ni wata uku ba goron Malam Barau, ba ƙarar gareji, ai mutuwa zan yi. Kai ne mai son a kira ka malami, kuma ka cancanta, ban taɓa cewa ba ka cancanta ba. Zakin ne ya dame ni. Ya dawo jiya yana ɗingishi, ya ƙi hawa motar. Ya ce a gaban mutane aka mai da shi marar uba."

Ya juya ya hau tsaninsa, ya ci gaba da ɗawisun. Ba ya waƙa. Da ya iso ƙasan katakon, na ga hannunsa ya ɗaga, ya tsallake wurin.

Sai ga ni a ofis, gemuna na jan ƙasa.

"Ina son a gyara tambaya ta bakwai," na ce.

Balbelun suka cire biro daga baki gaba ɗaya.

"Ka san abin da kake faɗa?" in ji babbar. "In ka ce a'a, ɗakin ba naka ba ne. Ɗakin mutum ɗaya ne. Wataƙila a zauna a duba batun mutum biyu masu aiki ɗaya, wataƙila ba za a duba ba. Akwai wani a layi yana ta yabon kansa tun asuba, shi ba ya da abokin aiki."

Daga inda nake ina hango ƙofar ɗakin a buɗe, da gadon, da sabon bargon, da buroshi arba'in. Na san ba za a sake ba ni irinsa ba, shekarun sun tafi. Na daɗe ina kallo, ba zan yi ƙarya in ce ban daɗe ba.

"A rubuta a'a," na ce. "A rubuta: zane na Sallau, rubutu na Haladu. Sunansa a gaba, don shi ke fara hawa tsani."

"Hau sikeli."

Na hau. Allurar ta tsaya a inda ta tsaya da farko.

"Rabi," in ji ta. "Yanzu kun daidaita da sikelin."

Hawainiyar ta juyo da idanunta biyu kaina, karo na farko. "Za a gyara," in ji ta. "Amma ƙa'idar gida, mai fita sai ya mayar da bango yadda ya same shi." Ta miƙo mini cokali.

"Da wannan zan kankare tafiyar wata guda?"

"Da ka rubuta kaɗan."

Na karɓa, don maganarta gaskiya ce. Na koma ƙarshen rubutun, inda na tsaya a kan wata "kuma", na kafa cokali na fara. Ƙarr. Ƙarr. Baƙin fenti na zuba a ƙafata, farin bango na fitowa. Ƙarr. Ƙarr. Ƙarr.

Na buɗe ido. Gari ya waye tas, rana har ta shigo ta ƙarƙashin labule, na makara bayan komawa barcin asuba. Ƙarar tana nan. Matata Talatu ce a tsakar gida, tana kankare ƙanzon tuwon jiya daga tukunya.

Na ɗauko fom ɗin, na sa riga, na fito ina neman takalmi.

"Malam, ko koko ba ka sha ba za ka fita?"

"Zan je in karanta wa Sallau wata takarda."

"Wadda ka ɓoye a ƙarƙashin katifa kwana tara?"

Na ce ita.

Ba ta ko ɗago kai ba, ta ci gaba da kankare tukunyarta.